Injin Tuƙa Tuwo na Kawu Alidu

Kawuna Alidu ya ce duk wanda ya sake ba da labarin nan a unguwarmu Mamobi, nan Ghana, sai ya kai shi kotu, wai labarin ma nasa ne. To ni dai ba da baki nake bayarwa ba, rubutawa nake yi.

Abin daga rediyo ya fara. Wata safiya Kawu yana zaune a tsakar gida yana shan koko, matarsa Anti Lamisi tana gefe tana shafa man zafi a kafaɗa. Ita ce mai dafa abincin biki a unguwarmu. Suna ne, aure ne, addu'a ce, duk ita ake kira, kuma tuƙin tuwon zafi a manyan tukwane ya gama cinye mata kafaɗu. Sai wata mata a rediyo ta ce gwamnati tana so mutane su riƙa ƙirƙiro sababbin abubuwa, kuma wanda ya ƙirƙiro ya je ya yi rajista abin ya zama nasa, ba mai kwaikwaya sai da izininsa. Ta ce amma kada a yi ta nuna wa jama'a kafin a yi rajistar.

Kawu ya ajiye kofi. Ya kalli rediyo, ya kalli kafaɗar Anti, ya kalli muciyar da ke jingine a bango. Sai ya miƙe tsaye kamar kunama ta harbe shi.

"Lamisi! Kin gama wahala a duniya."

"Sake ni za ka yi?"

"Inji! Injin tuƙa tuwo! Ba a taɓa yi ba, ko a China. Daga Nima har Kumasi, duk matar da za ta ci tuwo sai ta ambaci sunana."

"Injin wanke-wanken da ka yi bara fa? Har yanzu a kwano ɗaya muke ci ni da yara."

"Wancan gwaji ne. Yi ƙasa da murya, bangon nan ba ya riƙe magana."

Ya juyo ya gan ni ina shara, ya ce, "Fauziya, me kika ji?" Na ce ban ji komai ba. Ya ce in rantse. Na rantse. Bayan ya fita Anti ta ce in je in yi istigfari.

Washegari ya saka babbar riga ya hau trotro, motar haya, ya tafi ofishin rajistar a cikin gari. Da azahar ya dawo yana huci, ya zauna a bencin Mashud mai tsire a bakin lungunmu. Shi da Mashud tun suna yara suke tare, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Yaya, Injiniya?" in ji Mashud. "An ba ka lambar yabo?"

"Chale, abokina, manyan ɓarayin suna can! Ka san abin da matar ta ce min? Wai in zana mata injin, in faɗa mata yadda yake aiki, ɗaya bayan ɗaya."

"To in ba ka faɗa ba, me za ta yi wa rajista?"

"Haka ta ce! Ashe bakinku ɗaya. Na ce, Madam, ki rubuta kawai Alidu yana da wani abu, kowa ya kiyaye. Ta ce wane abu? Na ce kin ga, kin fara."

"Sai me?"

"Sai ta kira wanda ke bayana a layi."

Mashud ya yi dariya har mafici ya faɗi daga hannunsa. Da wani yankin kwali yake fifita gawayinsa, yini guda, hannu ɗaya fifita, hannu ɗaya juya nama. Ya ɗauka ya kaɗe ya ce, "To faɗa min ni, ai ni ba na sata."

"Kai? Kai da ka saci salon ɗinkin rigata ran sallah?"

Daga nan Kawu ya yanke shawara: zai ƙera injin tukuna, ya nuna wa duniya a rana ɗaya, a gaban shaidu masu yawa, ta yadda ba wanda zai iya cewa shi ya riga shi. Matsalar ita ce Kawu bai iya walda ba, bai iya haɗa wuta ba, ko ƙusa ya buga sai ta lanƙwashe. Dole sai da masu sana'a. Kuma in suka san abin da suke haɗawa, ai sun sace.

Sai ya raba aikin, kowa ya yi masa ƙarya daban.

Ya je wurin Seidu mai walda ya ce ya haɗa masa ƙarfe mai ƙafafu, dogo haka, faɗi haka. Seidu ya ce na mene ne? Kawu ya ce get ne, irin wanda ake turawa gefe. Seidu ya ce, "Get a gidan haya? Mota ka saya?" Kawu ya ce tana hanya. Da ya koma karɓa, ya tarar Seidu ya saka wa kowace ƙafa taya, ya zuba musu man giris har suna sheƙi.

"Wannan tayoyin fa?"

"Get ɗin turawa ba taya? Ei, Alidu. Taɓa ka gani, da ɗan yatsa ma tafiya yake."

Kawu ya kalli tayoyin. In ya ce a cire, sai an tambaye shi dalili. Ya ce, "Ya yi kyau paa."

Ya kai wa Osumanu mai gyaran wuta wani tsohon kan fanka da ya samo a kasuwar tsofaffin kaya ta Agbogbloshie, ya ce na masallaci ne, masallata suna kukan zafi. Osumanu ya ce tunda aikin Allah ne zai yi shi da zuciya ɗaya. Ya sake naɗa wayoyin ciki, ya cire lambobin a hankali gaba ɗaya, ya bar mai ƙarfin kawai. Ya ce, "Wannan in ka kunna, har na sahun baya sai ya riƙe hularsa."

Muciya kuwa, ya je wurin Gafaru kafinta ya ce abokinsa masunci ne a bakin teku, yana son filafilin tuƙa kwalekwale. Gafaru ya sassaƙa masa mai faɗi kamar faranti, ya ce da wannan ko igiyar ruwa ta taso sai ta ba da hanya.

Kawu ya kwaso kayan a ɓoye cikin buhuna, ya kulle kansa a ɗaki yana ƙwanƙwasa. Anti ta koma kwana ɗakinmu. In muka bi ta ƙofar sai ya yi tari ya ce, "Wa ke nan? Na ga inuwa!" Har kazar maƙwabta ya kora, wai tana kallonsa da yawa. Makunnin ya saka shi cikin ƙaramin akwatin ƙarfe ya datse da kwaɗo, don kada wani ya kunna ko ya kashe ba shi ba. Ya sayo doguwar waya, doguwa sosai, ya ɗaure kanta a soket na ɗakinsa ya naɗe da salatif. A jikin ƙarfen ya rubuta da jan fenti: NA ALIDU NE SHI KAƊAI.

Ana cikin haka aka yi wa Hajiya Awabu jika na fari. Hajiya Awabu ita ce mai babban shagon atamfa a Kasuwar Malam Atta, kuma ba ta yin biki ƙarami. Ta aiko a gaya wa Anti Lamisi tuwon suna nata ne, baƙi har daga Kanda da Tamale. Kawu yana jin haka ya riga Anti zuwa gidan.

"Hajiya, kina so a yi sunan da za a yi ta zancensa har yaron ya yi gemu?"

"Me kake sayarwa, Alidu?"

"Ba sayarwa ba. Tarihi. Jikanki ne zai zama yaro na farko a Ghana da inji ya tuƙa tuwon sunansa."

Hajiya ta gyara zama. "Hajiya Mubarika da ta kawo mai kiɗa daga Kumasi, ta yi wannan?"

"Ko a mafarki."

"An gwada shi?"

"Hajiya, gwaji ai na wanda bai yarda da kansa ba ne. Kuma in na gwada wani ya leƙo fa?"

Da Anti ta ji, ta ɗora hannu a ka. "Baban Alima, ka rufa min asiri. Dadesen ɗin nan, babbar tukunyar ƙarfen, ta uwata ce. Ka gwada a ƙaramar tukunya mana, ko da ruwa ne."

"Mace da tsoro. Ke dai dama talgenki, ki koma gefe ki harɗe ƙafa."

Ranar suna aka kafa rumfa a lungun, daga ƙofar Hajiya har kusa da tamu. Wanda ya san lungunmu ya san gangare ne, daga sama yake sauka har bakin titi inda teburin Mashud yake. An raɗa suna da safe, malamai suna zaune a kan tabarmi ana raba goro, maza a kujerun roba, mata a bayan rumfa wurin murhu. Miyar ayoyo ta nuna, nama ya nuna, talge yana tafasa a babbar tukunya. Sai ga Kawu ya fito cikin farar babbar riga mai aiki, yana turo wani abu lulluɓe da zanin gado. Ya kulle ɗakinsa, ya jefa makullan a aljihu, waya tana biye da shi ta taga.

Ya karɓi makirfon daga hannun mai sanarwa.

"Jama'a, salamu alaikum. Ku zama shaida. Abin da za ku gani yanzu daga kaina ya fito, ba wanda ya taya ni ko da shawara. Nawa ne ni kaɗai. Wanda ya kwaikwaya, ni da shi sai kotu. Kuma ban yarda kowa ya ɗauki hoto ba. Kowa ya mayar da wayarsa aljihu!"

Mutanen da ba su ma tuna da wayoyinsu ba duk suka ciro.

Ya yaye zanin. Seidu da ke zaune a gaba ya ce, "Ah! Get ɗina!" Osumanu ya ce, "Fankar masallaci ce a sama!" Gafaru ya leƙa ya ce, "To kwalekwalen fa?" Kawu ya yi kamar bai ji ba. Ya tura ƙarfen ya haye kan tukunya, filafilin ya nutse cikin talge. Ya ce wa Anti ta zuba gari. Ta zuba, ta ja hannuna muka koma bayan randa.

Kawu ya buɗe akwatin makunni, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya danna, ya mayar da kwaɗon ya datse, ya jefa ɗan makullin a aljihu. Ya juya wa injin baya ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

Da farko injin gurnani kawai ya yi. Filafilin ya juya sau ɗaya a hankali, ya sake juyawa. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, yana yi fa!" Hajiya Awabu ta fara murmushi tana neman Hajiya Mubarika da ido.

Sai aikin Osumanu ya tashi.

Wuuuu! Dunƙulen farko ya tashi sama ya faɗo a kan rumfa, tim. Na biyu ya samu mai sanarwa a ƙeya. Daga nan ba wanda ya iya bin lissafi. Tuwo ta gabas, tuwo ta yamma, rabi ɗanye rabi dafaffe, ga zafi. Mata suka watse suna salati, kowa da murfin tukunya a ka. Wani malami ya ɗaga hannu zai yi addu'a, tuwo ya sauka a tafinsa, ya ce, "Subhanallahi, tun ban roƙa ba!"

"Kashe shi, Alidu!" in ji Hajiya.

"Yana ɗaukar zafi ne, Hajiya! Yanzu zai daidaita!"

Bai rufe baki ba aikin Seidu ma ya tashi. Tayoyin nan masu giris suka fara motsi. Injin ya girgiza, ya ture tukunyar Anti ta kife a kan murhu, ya juyo ya fuskanci jama'a, filafilin yana ta wulwulawa. Ya kama gangare.

Ei, ranar na ga gudu. Alhazai masu tumbi suna tsallake kujeru. Wani baƙo daga Tamale ya haye kan tankin ruwa da takalmi ɗaya. Akuyar maƙwabta ta tsinke igiya ta shige ɗakin mai jego. Injin ya bi ta tsakiyar rumfa yana kaɗe kujeru ɗaya bayan ɗaya, ya daki sandar tsakiya, rumfar ta sauko a kan 'yan uwan angon ƙarni, aka bar ƙafafu kawai suna motsi a ƙasa.

"Makulli! Ina makullin?" mutane suna ihu.

Kawu ya bi injin a guje yana laluben aljihu. Ya kusa kama shi, sai filafilin ya cafki hannun babbar rigar. Ya ja, injin ya ja. Ya juya, injin ya juya shi. Kafin ka ce me, rigar ta fita ta kansa, ta naɗe a jikin filafilin tana zagayawa kamar tuta, makullan duka suna ƙara a ciki, kacau-kacau. Kawu ya tsaya daga shi sai singileti da wando.

"A cire wayar daga soket!" in ji Osumanu.

"Ɗakin a kulle!" in ji Anti daga bayan randa.

"Makullin ɗakin fa?"

Kowa ya nuna rigar da ke yawo a sama.

Sai wata mata ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, kawo dumso!" Duk lungun ya amsa, "Amin!" Mu da kullum muke zagin masu wuta in sun ɗauke, ranar har malamai suna roƙo a ɗauke. Wutar da ko kallon ƙwallo ba ta bari a gama, ranar ta tsaya daram, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Injin ya ci gaba da sauka, wayar tana warwarewa a bayansa, ta kwashe igiyar shanya, ta ɗauki zannuwan mutane ta tafi da su. Mashud yana can ƙasa ya ga abu ya nufo shi da farar riga a kai, ya rungume tiren namansa ya rufe ido. Saura taku kaɗan wayar ta ƙare. Ta miƙe, ta yi ƙara, ta tsinke. Injin ya tsaya cak a gaban teburin. Rigar ta ci gaba da zagayawa tana raguwa, iskarta tana bugun gawayin Mashud, garwashin ya yi jajawur kamar ba a taɓa hura shi ba. Mashud ya buɗe ido ɗaya. Ya kalli garwashin, ya kalli kwalin da ke hannunsa, ya sake kallon garwashin.

Sai ga Hajiya Awabu tana saukowa a hankali. Leshinta da aka ce daga Dubai ya zo, tuwo ne tun daga ɗankwali har takalmi. 'Ya'yanta maza suna bayanta, manya-manya, ɗaya ma a ɗakin motsa jiki yake yini. Liman yana biye yana goge gemu.

"Na waye wannan abin?" in ji Hajiya. Ba ta ɗaga murya ba.

Kawu ya kalli jikin ƙarfen. Tuwo ya rufe rubutun jan fentin ruf, ba a ganin ko harafi ɗaya.

"Hajiya, in an bi gaskiya, Seidu ne ya saka taya."

"Ni get na yi," in ji Seidu. "Kuma kun gani, yana tafiya sumul."

"Osumanu ne ya ƙara masa gudu!"

"Fankar masallaci aka ce min. Wa ya ji zafi a nan?"

"Gafaru..."

"Kai ni teku in nuna maka aikina."

Babban ɗan Hajiya ya matso yana naɗe hannun riga. "Baba Alidu, Mama ta yi tambaya. Ba kai ka ce naka ne kai kaɗai ba?"

"Ni? Makirfon ɗin ne ba ya fita da kyau. Cewa na yi na Allah ne shi kaɗai, komai ma na Allah ne."

Liman ya ce, "Alidu, ka ji tsoron Allah. Naka ne ko ba naka ba?"

Kawu ya kalli damtsen yaron nan, ya ɗaga hannu sama, ya kwarara ihu har 'yan titi suka juyo: "Wallahi ba nawa ba ne! Ba nawa ba ne! Ban san shi ba, bai san ni ba!"

"To tunda ba mai shi," in ji Hajiya, "a kawar min da shi daga gabana kafin in haɗa da wanda ya turo shi."

Mashud ya ce, "Bari in taimaka, Hajiya." Ya warware rigar ya miƙa wa Kawu, ya ja injin bayan teburinsa.

Ranar baƙin Tamale da miyar ayoyo suka ci burodi. Anti ta yini tana ba Hajiya haƙuri, tukunyar uwarta kuma Allah ya taimaka kunne ɗaya kawai ta rasa. Kawu ya shiga ɗaki ya ce zazzaɓi yake yi, a ce wa kowa ya yi tafiya.

Da zazzaɓin ya sauka ya leƙo bakin lungu, sai ya ga layi a gaban Mashud har ya sha kwana. Mashud ya cire filafilin, ya sa Osumanu ya mayar da ƙananan fukafukai da lambar a hankali, ya kwantar da kan fankar tana kallon gawayi, ya tokare tayoyin da duwatsu. Garwashi jajawur, hayaƙi yana tafiya gefe guda, shi kuma hannu biyu yana juya nama yana waƙa. In ya tashi sai ya cire duwatsun ya tura abinsa gida. Masu tsire daga Nima har sun fara zuwa kallo.

Kawu ya ratsa layin. "Mashud! Ɓarawo! Injina!"

"Wane, Injiniya?"

"Wannan! Kankare nan ka ga sunana!"

"Na wanke shi tas, na yi masa sabon fenti. Na ma je ofishin nan naka. Matar tana da kirki, na zana mata, na yi mata bayani, ta ce in dawo za su duba. Ta tambaye ni ko wani ya riga ni. Na ce akwai wani, amma ga abin da ya ce."

Ya ciro waya ya danna. Muryar Kawu ta cika titi: "Wallahi ba nawa ba ne! Ba nawa ba ne!"

Mutanen layi suka ciro nasu. Kowa yana da shi, wani daga gaba, wani daga gefe, wani daga kan tankin ruwa. Kawu ya tsaya iskar fankar tana kaɗa masa riga. Mashud ya miƙa masa tsinke ɗaya ya ce, "Ci, mai zafi ne. Inji ya hura."

Ya karɓa. Ya ci. Ya ce yaji ya yi kaɗan.

Ya dawo gida ya tarar Anti ta ɗora tukunyar mai kunne ɗaya, talge yana tafasa. Ya zauna ya yi tagumi, ya ce shi yanzu akwai wani sabon tunani a kansa, wannan karon ko kansa ba zai gaya wa ba. Sai wayar Anti ta yi ƙara a kan turmi: "Wallahi ba nawa ba ne! Ba nawa ba ne!" 'Yarsu Alima ce ta saka mata shi a matsayin ƙarar kira.

Anti ba ta ɗauka ba. Ta zuba gari, ta ɗauko muciya ta danƙa masa a hannu.

"Tashi ka tuƙa, Baban Alima."

"Ni? Injiniya guda?"

"Kai ɗin. Wannan injin dai nawa ne ni kaɗai. A gaban liman da shaidu aka yi min rajistarsa, har goro aka raba."

Ta koma gefe ta harɗe ƙafa. Tuwon ya yi gudaji, amma ko ɗaya bai tashi sama ba.